Kura da Shan Bugu: Shu'aibu Amodu da Makomar Kocin Gida

A Mairuwa, kan hanyar Funtuwa zuwa Gusau, akwai wani malamin firamare da na sani tun ina yaro. Da an sallame la'asar yakan rataya usur a wuya ya nufi filin makaranta, yara na biye da shi, wasu da takalmi wasu babu. Shi ke sayen ƙwallo da albashinsa, shi ke kai ta wurin mai faci idan ƙaya ta huda ta, shi ke zuwa zaure ya roƙi uba ya bar ɗansa ya zo atisaye bayan an taso daga gona. Wata shekara da kakar zaɓe ta matso, wani ɗan siyasa ya sa kofi tsakanin garuruwa, Malam kuwa ya kai yaransa har wasan ƙarshe. Ana saura kwana biyu sai yaran ɗan siyasar suka zo suka ce wannan wasa ya fi ƙarfin malamin makaranta. Suka ɗauko koci daga birni, suka haɗo da 'yan wasan haya biyar. An ci kofin, an ɗauki hoto, motoci suka tayar da ƙura suka tafi. Cikin yara biyar da aka zaunar a benci ranar, uku ba su ƙara taka filin ba. Malam bai fito a hoton ba.

Duk lokacin da na tuna wannan rana, sunan mutum ɗaya ke faɗo mini: marigayi Shu'aibu Amodu. Abin da aka yi wa Malam a ƙauye, shi aka yi wa Amodu har sau biyu, duniya tana kallo. Maganata a wannan mako ita ce, koci malami ne, aikin malami kuwa da shekaru ake auna shi. Mu mun mayar da shi ɗan ƙodago, ana kiransa idan gini ya tsage, a sallame shi ranar da za a yi bikin tarewa. Wannan ɗabi'a ita ce ta hana mu gina komai mai ɗorewa a wasanni, tun daga Abuja har filin firamare, kuma yaranmu ke biyan kuɗinta.

Mutumin da ya kai mu ƙofa sau biyu

An haifi Amodu ranar 18 ga Afrilun 1958. Mutumin Okpella ne a jihar Edo ta yanzu, amma a Arewa ya yi suna. Ɗan wasan gaba ne, ya buga wa Niger Tornadoes ta Minna, har karaya a ƙafa ta raba shi da wasa yana da sauran ƙuruciya. Maimakon ya bar filin, sai ya koma bakin layi. Da ƙungiyar BCC Lions ta kamfanin siminti na Gboko ya ci Kofin Ƙalubale a 1989. A 1990 ya ɗauko kofin da ake haɗa masu riƙe da kofunan ƙalubale na ƙasashen Afirka, bayan ya doke Club Africain ta Tunisiya a wasan ƙarshe. Ya koma Maiduguri ya ci Kofin Ƙalubale da El-Kanemi Warriors a 1992, ya dawo Gboko ya haɗa kofin lig da na ƙalubale a 1994. A ƙarshen wannan shekara aka damƙa masa Super Eagles karo na farko, shi ne kuma ya jagorance ta zuwa filin Wembley a watan Nuwamba, inda Ingila ta ci da ɗaya mai ban haushi. Daga baya ya horar da Orlando Pirates a Afirka ta Kudu.

A Afrilun 2001 Najeriya ta sha kashi a hannun Saliyo a Freetown, gurbin gasar kofin duniya ta 2002 yana neman suɓucewa zuwa hannun Laberiya ta George Weah. Aka sallami Jo Bonfrere, aka kira Amodu, da Stephen Keshi da Joe Erico a matsayin mataimakansa. Wasanni uku suka rage, ya cinye su duka: Laberiya 2-0, Sudan 4-0 a gidanta, Gana 3-0 a Fatakwal. A farkon 2002 ya kai ƙungiyar gasar kofin Afirka a Mali, Senegal ta cire ta a wasan kusa da na ƙarshe bayan ƙarin lokaci, ta ƙare a ta uku. Sakayyarsa ita ce kora. Aka miƙa wa Adegboye Onigbinde ƙungiyar ana saura 'yan watanni a tafi Japan. Ajantina ta ci mu, Suwidin ta ci mu, muka yi canjaras da Ingila, muka dawo da maki ɗaya. Senegal ɗin da aka kori Amodu saboda ta doke shi, ita ce ta doke Faransa mai riƙe da kofi a wasan buɗe gasar, ta kai zagayen ƙungiyoyi takwas na ƙarshe.

Wanda ya ga wannan sai ya ɗauka an koyi darasi. A 2008, bayan Bajamushe Berti Vogts ya kasa, aka sake kiran Amodu. A wasanni 12 na neman gurbin gasar 2010 ya ci 9, ya yi kunnen doki 3, ba a doke shi ko sau ɗaya ba. Masu shekaruna ba za su manta da ranar 14 ga Nuwamban 2009 ba, ranar da muka ci Kenya 3-2 a Nairobi, kunnuwanmu na kan rediyo muna jiran labarin Mozambik da Tunisiya. A Angola, a Janairun 2010, ya sake zuwa na uku. A Fabrairu aka sauke shi, aka ɗauko Lars Lagerbäck daga Suwidin, mutumin da bai taɓa aiki a Afirka ba, aka ba shi 'yan watanni ya san 'yan wasan da bai taɓa zama da su ba. Bahaushe ya ce ba a fafe gora ranar tafiya. Ajantina ta ci mu, Girka ta ci mu a wasan da aka ba Sani Kaita jan kati, muka tashi 2-2 da Koriya ta Kudu. Maki ɗaya kuma. Haushi ya sa Shugaba Goodluck Jonathan ya sanar da dakatar da ƙungiyar daga wasannin duniya na shekara biyu, bayan 'yan kwanaki ya janye saboda barazanar FIFA.

Amodu ya rasu a Benin ranar 10 ga Yunin 2016, yana da shekara 58, kwana uku bayan rasuwar Keshi, yana riƙe da muƙamin daraktan fasaha na hukumar NFF. Allah Ya jiƙansa. Sau biyu ya kai ƙasarsa gasar kofin duniya, bai taɓa zama a bencinta a gasar ba.

Hujjar masu korar, da amsarta

Adalci ne a faɗi abin da masu sukar Amodu suka riƙe. Sun ce wasansa ba ya ƙayatarwa, ya fi son tsare gida da kai hari. Sun ce a Mali ya kasa tanƙwara manyan 'yan wasa. Sun kuma ce manyan nasarorinmu baƙi ne suka kawo su: Otto Gloria a 1980, Clemens Westerhof a 1994, Bonfrere a gasar Olamfik ta 1996. Duk akwai ƙamshin gaskiya a ciki.

To amma a duba tarihin Westerhof ɗin da kyau. Ya zo a 1989, ya kasa kai mu gasar kofin duniya ta 1990. A wasansa na farko na gasar Afirka ta 1990, Aljeriya ta zura mana biyar muna da ɗaya. A 1992 ya zo na uku. Ba a kore shi ba. An bar shi shekara biyar yana zagaya filayen ƙasar nan yana tsinto yara, sai a 1994 itacen ya yi 'ya'ya. Gernot Rohr ya zo na uku a Masar a 2019, ya ci gaba da aikinsa har Disamban 2021. Matsayi na ukun da ya zama wa baƙo matakala, shi ne ya zama wa Amodu takardar sallama, har sau biyu. Abin da ya raba su haƙurin da aka yi da su ne. Kuma kada a ɗauka magana ce ta launin fata kawai, domin wanda ya gaji Amodu a 2002 ɗan ƙasa ne. Cutar ita ce yarda da cewa ana iya cire mutumin da ya yi shuka a dasa wani ranar girbi, amfanin gona kuma bai canja ba.

Akwai wuri ɗaya da muka bar gado ya gudana, a nan ne kuma muka fi kowa a duniya. Kofunan duniya biyar na 'yan ƙasa da shekara 17 duk kociyoyin gida ne suka kawo su: Sebastian Brodricks a 1985, Fanny Amun a 1993, Yemi Tella a 2007, Manu Garba a 2013, Emmanuel Amuneke a 2015. A lura da ukun ƙarshe. Manu Garba, mutumin Gombe, mataimakin Tella ne a Koriya ta Kudu a 2007. Bayan shekara shida shi ne ya jagoranci yaran da suka doke Meziko 3-0 a Abu Dhabi, Kelechi Iheanacho ya zama gwarzon gasar, Musa Muhammed ɗan Kano yana kyaftin. Amuneke mataimakin Manu ne a wannan tafiya, shi kuma ya ci nasa bayan shekara biyu tare da Victor Osimhen. Almajiri ya zauna gaban malami, ya sauke, ya buɗe tasa makarantar. Tsari ne da Bahaushe ya sani a karatun allo, a ƙira, a dukanci, a dambe. A ƙwallo ne kawai muke yi kamar ba mu taɓa jin sa ba.

Darasi daga wata ƙaramar kwaleji a Amurka

Bari in kai mai karatu nesa kaɗan. Amurkawa suna da tasu ƙwallon, mai siffar ƙwai, da ake runguma a hannu ana gudu, 'yan wasa sanye da hular kwano. Tushen wannan wasa makarantu ne: yaro yana farawa a sakandare, ya wuce jami'a, daga nan ƙungiyoyin ƙwararru su zaɓe shi. Shi ya sa kocin jami'a a can babban mutum ne, tarihin aikinsa kuma a rubuce yake wasa bayan wasa.

Eddie Robinson baƙar fata ne daga jihar Luwiziyana. Ya buga wasa a kwalejin Leland, ya gama ya kama aiki a wata masana'antar abincin dabbobi. A 1941, yana da shekara 22, wata ƙaramar makarantar baƙaƙen fata da daga baya aka sani da Grambling ta ɗauke shi koci. Zamanin wariya ne. Shi ke yanke ciyawar filin, shi ke zana layuka, shi ke haɗa wa yara guzuri idan za a yi tafiya domin gidajen abincin fararen fata ba sa karɓar su, shi ke rubuta labarin wasan ya aika wa jaridu. Da asuba yakan zagaya ɗakunan kwana da ƙararrawa yana tayar da 'yan wasansa don kada su makara aji. A kakarsa ta farko an fi cin sa. A ta biyu, 1942, ya ci wasanninsa tara duka ba a ci shi ko maki ɗaya ba. Ya zauna a wannan makaranta har 1997, ya ci wasanni 408, ya tura yara sama da 200 ƙungiyoyin ƙwararru. Ɗaya daga cikinsu, Doug Williams, shi ne baƙar fata na farko da ya jagoranci ƙungiya daga matsayin mai rarraba ƙwallo ya ci babban kofin Super Bowl a 1988, shi ne kuma ya gaji kujerar malaminsa a 1998.

Wanda ya karanta farkon rayuwar Robinson, Malamin Mairuwa zai gani: mutum ɗaya, fili ɗaya, talauci, da yara. Bambancin shi ne Robinson yana da makaranta a bayansa. Tana biyan sa a matsayin koci, tana ajiye tarihin aikinsa, ta kuma jure shekarunsa marasa kyau, har da uku na ƙarshe da aka fi cin sa. Ba ina cewa mu kwafi Amurka ba ne. Tsarinsu yana da nasa ɓarnar: Nick Saban na jami'ar Alabama yana karɓar sama da dala miliyan 11 a shekara kafin ya yi ritaya a 2024, alhali har zuwa 2021 dokar wasannin jami'o'i ta hana ɗalibi cin kuɗi da sunansa. Su ma suna korar kociyoyi ba tausayi. Abu ɗaya kawai nake so mu ɗauka: sun ɗaure koci da makaranta, mu kuwa mun kwance shi mun miƙa wa ɗan siyasa.

Laifin da ke wuyan kocin gida, da tushensa

Za a ce kocin gida ma ba wankakke ba ne. Gaskiya ne. A 2018 ɗan jaridar Gana Anas Aremeyaw Anas ya fitar da hoton bidiyo na Salisu Yusuf, mutumin Zariya kuma babban koci a Super Eagles, yana karɓar dala 1,000 daga wasu da suka yi shigar dillalan 'yan wasa. Ya ce kyauta ce, ba ta shafi zaɓen 'yan wasansa ba, amma NFF ta dakatar da shi shekara ɗaya ta ci shi tarar dala 5,000. Maganar rage shekaru da cusa ɗan wane a ƙungiya kuwa, duk mai bin ƙwallon gida ya san ta.

Ban wanke kowa ba. Sai dai sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Yawancin ƙungiyoyin lig ɗinmu, har da Katsina United da Kano Pillars, mallakar gwamnatocin jihohi ne. Shugabanninsu naɗin siyasa ne, su ma ba su san ranar tafiyarsu ba. Kocin da ke ƙarƙashinsu ya san wasa uku marasa kyau sun isa a ba shi wa'adi. Mutumin da ba shi da tabbacin wata mai zuwa ba zai ɓata lokaci yana rainon ɗan shekara 15 ba. Zai nemi ƙato ɗan shekara 28 da zai ci masa wasan Lahadi, zai kuma saurari duk dillalin da ya zo da ambulan. Mun gina tsarin da ke hukunta mai haƙuri, sannan muna mamakin ƙarancin masu haƙuri.

Abin da ya sa maganar ta fi nauyi a wurinmu

Wani zai ce, ana fama da 'yan bindiga a Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara, wa ke ta ƙwallo? Daren 11 ga Disamban 2020 aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara. A 2021 an rufe layukan waya a ƙananan hukumomi da dama na jihar, har da namu. Makarantun kwana sun rufe, wasu na ƙauyuka sun koma mafakar 'yan gudun hijira. Ba zan yaudari kowa ba: ƙwallo ba ta maganin bindiga, ba ta kuma maye gurbin soja ko alƙali ko taki.

Amma a tambayi kowane uba a yankin nan abin da ya fi tsoro game da ɗansa ɗan shekara 14. Zai ce zaman banza, da ƙwaya, da abokan da ke kai saƙo daji. Tsakanin la'asar da magariba, wane babba ne yake da jerin sunayen yaran unguwa, ya san wanda bai zo ba yau, ya kuma bi sawu har gida ya tambaya? Malamin allo yana yi da safe da dare. Da yamma kuwa mai usur ne. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, mai tanƙwarawar kuma shi ne muka bari ba albashi, ba suna, ba kariya. Yaran nan uku da suka bar filin Mairuwa sun koyi darasi ɗaya a ranar kofin, wato ƙoƙari ba ya kai mutum ko'ina idan mai kuɗi ya zo da nasa. Darasin da muke koya wa yara ke nan a yankin da wasu ke jiran su da wani tayin.

Abin da nake nema

Ba sabon filin wasa nake nema ba; Katsina tana da filin Muhammadu Dikko. Abubuwa huɗu ne, kuma babu wanda ya fi ƙarfin jiha.

Na farko, kowace sakandaren gwamnati ta samu malamin wasanni na gaskiya, da alawus ɗinsa da matakin ƙarin girma, a daina ɗora wa wanda aka ga ba shi da aiki. Jami'ar Ahmadu Bello da kwalejojin ilimi irin ta Isa Kaita da ke Dutsin-Ma suna yaye masu wannan fanni, Cibiyar Wasanni ta Ƙasa da ke Legas tana horar da kociyoyi. A tura irin su Malam su samo takardar shaida da kuɗin gwamnati.

Na biyu, gasar makarantu ta shiga kalandar karatu, tana da ranar farawa da ta ƙarewa kowace shekara, ko da zaɓe ko babu. Ɗan siyasar da ke son sa kofi ya zuba kuɗinsa a cikinta, amma ba shi da ta cewa kan wanda zai buga. Ɗalibi mai rajista ne kaɗai zai shiga fili.

Na uku, ƙungiyar da ke cin kuɗin jama'a ta ba kocinta kwantiragin aƙalla shekara uku, a bayyana sharuɗɗansa, wanda ya kore shi kafin lokaci ya biya cikon kuɗin ya kuma yi wa majalisar jiha bayani.

Na huɗu ya hau kanmu, 'yan jarida. Mu ne muka hura wutar da ta cinye Amodu, mu ne kuma muka cika shafuka da yabonsa ranar da ya rasu. Yau ɗan Funtuwa zai lissafa maka kofunan Pep Guardiola a gidan kallo, amma babu littafi ɗaya da Hausa kan rayuwar Manu Garba ko Abdu Maikaba ko Ladan Bosso da zai ɗauka ya karanta. Wanda ba a rubuta aikinsa ba, korar sa ba ta da wuya.

Da yawa daga cikin masu karanta wannan wasiƙa suna cikin ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai, ko kwamitocin iyaye da malamai, ko ofisoshin da ake tsara kasafi. Idan an zauna taro na gaba, kafin a kai ga maganar fenti da katanga, a tambayi shugaban makaranta sunan mai kula da wasanni, shekara nawa ya yi, nawa ake ba shi, da kuma wanda yake koya wa aikin. Malamin Mairuwa ya kusa ritaya. Da na gan shi bara na tambaye shi wa zai miƙa wa usur ɗin, sai ya yi murmushi ya ce, "Ɗana, wa ka gani yana so?"